Darasi na 9: Ceton Dabbar da Aka Yasar da Nema Mata Sabon Ubangida

MANUFOFIN DARASI

Idan ɗalibi ya kammala wannan darasi, ana fatan zai iya:
1. bambanta dabbar da ta ɓace da wadda aka yasar, ya kuma faɗi hukuncin kowacce;
2. kusantar dabba marar lafiya ba tare da ya jawo wa kansa ko iyalinsa cuta ba;
3. yi mata jiyya ta farko kafin malamin dabbobi ya gan ta;
4. zaɓar wanda ya cancanta a danƙa masa ita bayan ta warke.

1. INA MAFAKARTA?

Duk wanda ya saba bin bayan gari a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, ruwan rijiyoyi kuma ya ja baya, da wuya ya rasa ganin jaki tsaye a bakin juji, kansa a sunkuye, gadon bayansa duk miki, yana tauna kwali da leda domin babu abin da ya rage masa sai su. Galibi irin wannan jaki ya yi shekaru yana ɗaukar taki zuwa gona, ko yashi zuwa wurin gini, har ranar da ƙarfinsa ya gaza, mai shi ya lissafa kuɗin magani da na dusa, ya ga ba zai iya ba, ya kwance masa dabaibayi ya bar shi ga Allah.

A waɗansu ƙasashe akwai gidaje na musamman da ake kai irin waɗannan dabbobi. A birnin Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓace ko yunwa ta kama a 1860, aka mai da shi unguwar Battersea a 1871, yana nan kuma har yau. A Alƙahira, Dorothy Brooke ta kafa asibiti a 1934 domin tsofaffin dawakin yaƙi waɗanda sojan Ingila suka sayar suka bari a Masar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kada kuma ɗalibi ya zaci Turawa ne suka fara, gama marubuta sun ambata cewa Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu domin a riƙa ciyar da kyanwoyin birnin da amfaninsa. A garuruwanmu kuwa irin waɗannan gidaje ba su da yawa, saboda haka mafakar dabbar da aka yasar ita ce turken wanda ya tsince ta, aikin da ma'aikata da yawa suke yi a can kuma shi kaɗai zai yi shi a nan, shi ya sa ya wajaba ya san shi bisa tsari.

[AKWATIN MA'ANA
Ɓatacciyar dabba: wadda ta kuɓuce wa mai ita, yana kuma nemanta.
Yasasshiyar dabba: wadda mai ita ya sake ta da gangan domin ya fid da rai da amfaninta.
Mafaka: wurin da ake ajiye dabba, a ciyar da ita, a yi mata magani, har a sami mai ita ko wanda zai riƙe ta.]

2. HUKUNCIN TSINTUWA

Asalin wannan aiki jinƙai ne, hadisan da suka zo a kansa kuma sanannu ne ga kowane almajiri: labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Amma jinƙai ba ya mayar da dukiyar wani ta zama taka, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure, su ga sun wahala da dabba har ta miƙe, su ɗauka ta zama halaliyarsu.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun rarrabe mas'alar. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa ba a ɗaukar raƙumin da ya ɓace a sahara, domin yana iya jure ƙishirwa ya ci ganyen itatuwa har mai shi ya same shi, amma tunkiya ko akuyar da aka samu a dajin da babu mutane an yarda a ɗauke ta, domin in an bar ta rabon kura ce. Doki da jaki da alfadari kuwa hukuncin tsintuwa ake yi musu, watau a riƙe su a yi cigiya, wa'adin cigiyar tsintuwa kuma shekara guda ne. Idan mai dabbar ya zo ya siffanta ta daidai, yana da zaɓi: ko ya biya abin da aka kashe mata ya karɓi abarsa, ko ya bar ta ga wanda ya tsince ta a madadin kuɗin.

Dabbar da aka yasar da gangan kuwa an yi saɓani a kanta. An ruwaito daga Imamu Malik cewa tana nan a mallakar mai ita na farko, sai dai ya biya ɗawainiyar da aka yi, alhali Imamu Ahmad yana ganin ta zama ta wanda ya raya ta. Tun da yake mafi yawan alƙalan ƙasarmu da fiƙihun Malik suke hukunci, hanyar da ta fi kuɓutar da mutum daga rigima ita ce ya sanar da mai unguwa ko dagaci tun ranar da ya ɗauki dabbar, ya sa a yi cigiya a masallaci da kara ranar kasuwa, ya kuma riƙa rubuta duk abin da ya kashe a gaban shaidu. Shi kuma mai dabbar da ya yasar da ita ba a wanke yake ba: a Muhtasar na Halil ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya ƙi kuma alƙali yana da ikon sayar da ita, dokar laifuffuka ta Arewa wadda ta fara aiki a 1960 ma ta sa zaluntar dabba a cikin laifuffukan da ake hukunta mutum a kansu.

[AKWATIN MA'ANA
Cigiya: sanar da jama'a cewa an tsinci abu, ba tare da an faɗi dukkan alamunsa ba, domin mai shi na gaskiya ya zo ya siffanta shi.]

Misali na 1. Wani mai ɗinki ya tarar da jaki idabari kwance a bayan gidansa, ya ba shi ruwa, sa'an nan ya tafi wurin mai unguwa.
"Ranka ya daɗe, jaki na tsinta a bayan gida, ba shi da lafiya."
"Madalla, Malam. Akwai shaida a jikinsa?"
"Akwai, ranka ya daɗe, amma na fi so a ɓoye ta sai mai shi ya faɗa da bakinsa."
"Ka yi daidai. Riƙe shi amana, Juma'a za a yi cigiya."
A ƙaddara ya riƙe jakin kwana 30, yana kashe naira 500 kowace rana a harawa da dusa, ya kuma biya naira 6,000 na magani. Kuɗin abinci 500 sau 30, watau 15,000. A haɗa da 6,000, jimla 21,000. Wannan adadin ne za a gabatar wa mai jakin idan ya bayyana.

3. TSARE KANKA TUKUNA

Dabbar da take cikin ciwo ba ta san mai taimakonta ba, tana iya cizo ko harbi, saboda haka a fara da tsayawa nesa a dube ta da kyau, a kori yara, sa'an nan a matso ta gefen kafaɗarta ana yi mata magana a hankali, kada a zo mata ta baya.

Haɗarin da ya fi kowanne girma shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum to kusan babu wanda yake tashi. Kowa ya san mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne akwai wani nau'i na ciwon wanda kare yake yin shiru, haɓarsa ta saki, miyau yana zuba, har mai tausayi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro, ya zura hannu zai ciro, alhali miyaun nan shi ne dafin. Kyanwa da jaki da saniya duk suna kamuwa da shi. Dabbar da take zubar da miyau, ko ta kasa haɗiya, ko halinta ya sake ba dalili, ba a taɓa ta. A kira malamin dabbobi.

Idan cizo ko yagushi ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar domin allura, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru. Karen da ya yi cizon kuma, in ana iya tsare shi ba tare da wani haɗari ba, a tsare shi kwana 10 malamin dabbobi yana dubawa. Haka nan dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hancinta ko duburarta, ba a feɗe ta, ba a cin namanta, domin ana tsoron ciwon saifa ne, wanda yake kama mutum.

[AKWATIN MA'ANA
Keɓewa: ajiye sabuwar dabba ita kaɗai, da kwanon ruwanta da na abincinta daban, har mako 2 zuwa 3, domin kada ta shafa wa dabbobin gida cuta.
Rigakafi: allurar da ake yi wa mai lafiya domin cuta ta kasa kama shi.]

4. JIYYA TA FARKO

A samar mata inuwa da shimfiɗar yashi ko ƙaiƙayi mai tsabta, a ba ta ruwa kaɗan kaɗan. Wajen abinci ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna, domin mutum yakan ga haƙarƙarin jaki a waje, tausayi ya kama shi, ya cika masa kwarya da dawa ko gero, alhali cikin da ya daɗe babu komai ba ya ɗaukar hatsi da yawa lokaci guda, har abin da aka yi nufin ceto da shi ya zama ajalinsa. A fara da busasshiyar ciyawa da harawa, ɗan kaɗan sau da yawa a yini, a riƙa ƙarawa a hankali cikin kwana 10, kana a shigo da dusa. Kare da kyanwa ma haka: abinci mai laushi, ɗan kaɗan, sau huɗu ko biyar.

Jaki dabba ce mai ɓoye ciwo. Doki yakan yi birgima ya yi gumi kowa ya san ba lafiya, shi kuwa jaki sai ya tsaya cik, kunnuwa a sake, ya sa baki a abinci kamar yana ci alhali ba ya haɗiye komai, mutane su ce taurin kai ne. Jakin da ya yini bai ci ba yana cikin haɗari babba. Akwai abubuwa uku da kowa zai iya dubawa: a ɗaga leɓe a ga dasashi, in ya yi fari to jini ya ragu, galibi saboda tsutsar ciki ko kaska ko sammore, a ja fatar wuya a saki, in ta daɗe ba ta koma ba to ruwan jiki ya yi ƙasa, a kuma lura ko yana kashi, domin ledar da ya ci a juji takan toshe hanji.

Mikin gadon baya kusan kullum akumari ne sanadinsa, ko ya yi tauri, ko ya jiƙe da gumi, ko an ɗora kaya sun karkata gefe guda. A wanke shi sau biyu a rana da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, a kare shi daga ƙuda, kada kuma a ɗora komai a bayan sai fata ta rufe. Baƙin man mota da ruwan batir da lalas, waɗanda har yanzu ake gani a kara, suna ƙone naman da yake ƙoƙarin tsirowa ne kawai. Kada a ba dabba maganin mutane da ka. Ƙwayar paracetamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Duk wannan share fage ne, maganin gaske na malamin dabbobi ne. Shi zai auna maganin tsutsa bisa nauyin dabbar, ya bambanta ƙazuwa da sauran cututtukan fata, ya yi wa jaki mai rauni allurar tetanus, domin jaki da doki suna saurin kamuwa da shi, ya kuma yi wa kare rigakafin hauka tun yana wata 3. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, da asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, cibiyar Vom da ke kusa da Jos kuma, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa alluran rigakafin dabbobi. Wani lokaci zai duba ya ce babu sauran fata, kamar jakin da ƙashin ƙafarsa ya karye ya huda fata. Wannan hukunci ne mai ɗaci, amma malaman Malikiyya sun halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta domin a hutar da ita idan an fid da rai da warkewarta, hakan kuma ya fi a bar ta angulaye suna jira.

5. SABON UBANGIDA

Ba duk mai ceto ne yake da halin riƙo ba, kuma babu aibi a cikin hakan. Idan wa'adin cigiya ya wuce, ko mai dabbar ya sallama ta a gaban shaidu, ko mai unguwa da alƙali suka yarda a danƙa ta ga wani kafin nan, sai a nemi wanda zai karɓe ta. A ganina wannan mataki ya fi jiyya wuya, domin miki ido yana ganinsa, halin mutum kuwa sai an bincika, kuma jakin da aka sha wahala wata biyu aka tayar, mako guda ya isa a mayar da shi bakin juji idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

A je gidan mai neman da ƙafa, a ga dabbobin da yake da su, domin kofaton akuyarsa da kwanon ruwan kajinsa za su ba da shaidar da bakinsa ba zai bayar ba. A tambaye shi inda zai sami harawa a watan Afrilu da Mayu, wane aiki zai sa dabbar, wa zai riƙa kula da ita in ya yi tafiya, ko kuma matan gidan sun yarda, tun da yake galibi su da yara ne masu ba da ruwa da dusa. A gaya masa ciwon da ta yi da maganin da aka ba ta ba tare da ɓoye komai ba, kamar yadda shari'a ta wajabta bayyana aibi a ciniki. In jaki ne, a yi sharaɗi cewa kayansa ba za su wuce sulusin nauyin jikinsa ba, za a kuma hutar da shi da tsakar rana. In kare ne, a ba mai gona ko mai garke ko mafarauci wanda yake da bukatarsa, tare da takardar rigakafinsa.

A yi hattara da mai saye wanda bai dubi haƙora ba, bai ɗaga kofato ba, fata kawai yake shafawa. Shekarun nan an yi ta yanka jakuna ana fitar da fatunsu zuwa ƙasar Sin, inda ake dafa su a yi wani magani, har jaki ya yi tsada ya fi ƙarfin talakan da yake ɗebo ruwa da shi, abin da ya sa shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna domin fata a watan Fabrairu na 2024.

Muna da tsohuwar al'ada da ta dace da wannan aiki, watau ba da kiwo, inda mai akuya yake danƙa ta ga wata mata ta riƙe, a raba 'ya'ya bisa abin da aka yi alkawari. Fulani suna da irinta da suke kira habbanaye, a ba mutum aron saniya ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki 'yan maruƙa ya mayar da uwar. Amfanin wannan tsari shi ne mai bayarwa bai yanke hulɗa da dabbar ba, yana da bakin magana in ya ga an wulaƙanta ta.

Misali na 2. Mutum biyu suka nemi jakin da mai ɗinkin nan ya yi jiyya. Na farko ya taya shi da kuɗi mai kauri, ya ce gobe mota za ta zo ta ɗauka, bai faɗi inda za a kai shi ba. Ta biyu tsohuwa ce mai sayar da itace, ba ta da kuɗi, amma tana da rumfa da tarin harawar wake a kan ɗaki. Ya ce mata, "Inna, zan ba ki shi kiwo a gaban mai unguwa. Kada a ɗora masa akumari sai bayan wata guda, ni kuma zan riƙa leƙowa ranar kasuwa; in ya fi ƙarfinki, ki maido mini, kada ki sayar." Ta ce, "Na yarda, ɗana, Allah ya yi albarka." Aka rubuta sharuɗɗan, shaidu biyu suka sa hannu.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin ɓatacciyar dabba da yasasshiya? Mene ne ra'ayin Imamu Malik a kan ta biyun?
2. Don me ba a faɗin dukkan alamun dabba a lokacin cigiya?
3. Kare yana kwance shiru, haɓarsa a sake, miyau yana zuba. Maƙwabcinka ya ce ƙashi ne ya maƙale masa. Me za ka gaya masa?
4. Kyanwar da aka tsinta ta yagi yaro. Faɗi abin da za a yi, ɗaya bayan ɗaya.
5. Me ya sa ba a cika wa jaki mai yunwa kwarya da hatsi?
6. Wani ya riƙe tunkiya kwana 45, yana kashe naira 300 a rana, ya sayi magani na naira 4,500. Nawa mai ita zai biya in yana son karɓarta?
7. Jaki yana da nauyin kilo 120. Kilo nawa ne iyakar kayan da ya kamata a ɗora masa?
8. A Misali na 2, waɗanne alamu ne suka sa aka ƙi mai kuɗi aka ba tsohuwa?
9. Aikin gida: ka bincika inda asibitin dabbobi mafi kusa da garinku yake, da ranakun da malamin dabbobi yake zuwa kara, ka kawo wa aji bayani a darasi mai zuwa.